Wa Ke Riƙe da Makullin? Ƙabila da Shugabanci a Cikin Ikilisiya

Wata Asabar da dare, ana gobe zaɓen dattawa a cocinmu, wani ɗan garinmu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ko zama bai yi ba. Ya zaro wata 'yar takarda da aka yago daga littafin 'yan makaranta, ya danƙa mini a hannu, ya ce, "Ga namu. Baba ya ce kada ƙuri'a ko ɗaya ta zube ƙasa." Baban da yake nufi shi ne shugaban ƙungiyar 'yan yarenmu mazauna garin, wanda muke taruwa a gidansa duk ƙarshen wata mu zuba adashe, mu tara kuɗin kai gawa gida. Sunaye biyar ne a takardar. Uku na san su da kirki, ɗaya ban taɓa ganinsa a addu'ar safe ba, na biyar kuwa ko a hanya muka yi karo ba zan shaida shi ba. Washegari na rubuta su duka biyar.

Da aka gama ƙirga ƙuri'u, kujerun dattawa suka faɗa hannun yaruka biyu, a cocin da ranar godiyar kaka, idan aka fara kiran ƙabila-ƙabila su fito da baiko, sai rana ta take ba a gama rawa ba. A bakin ƙofa na gamu da wata dattijuwa da ta shekara fiye da goma tana koyar da yara a makarantar Lahadi. Mutanenta ba su wuce gidaje kaɗan ba a cikinmu. Na rusuna na gaishe ta, ta ce, "Ɗana, an gama? To, madalla. Mu dai namu shara da dafa shinkafar baƙi." Ta gyara ɗankwalinta na zumunta ta wuce. Ba ta san takardar tana cikin aljihuna ba.

Idan aka tayar da zancen ƙabilanci a coci, abin da aka saba ji daga bagade shi ne rashin ƙauna ne, a tuba, a yi addu'a. Ban ƙi ba. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma wanda bai san inda abin ya samo tushe ba zai yi ta yanke ganye ne kawai.

'Yan mishan da suka shigo arewacin Najeriya farkon ƙarni na 20 sun raba ta a tsakaninsu kamar gonar gado, don kada su yi ta taka ƙafar juna. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wadda mutanenta na farko suka sauka Legas a 1893, ta kafa tasha a Patigi cikin Nufawa, daga nan ta bazu zuwa ƙasar Yagba, Gwari, kudancin Zariya da Tangale. Mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ta Karl Kumm ta yada zango a Wase a 1904, kuma ita kanta rassa ce: reshen Ingila ya ɗauki Filato, 'yan Denmak suka zauna a Numan cikin Bachama a 1913, wasu Amurkawa suka riƙe wajen Takum, 'yan Afirka ta Kudu suka nufi tsaunukan Mada. Mishan ɗin 'Yan'uwa ya fara sujada a Garkida a 1923 cikin Bura. Tibi kuwa mishan ɗin Dutch Reformed ne ya shiga cikinsu tun 1911. Kowace mishan ta koyi yaren inda ta sauka, ta gina makaranta da ɗakin shan magani, ta yaye masu bishara daga cikin yaran wurin. Da lokaci ya yi na miƙa ragama ga 'yan ƙasa, aka kafa ECWA, ikilisiyar da ta fito daga SIM, a 1954, aka kafa tarayyar ikilisiyoyin da a yau ake kira TEKAN a 1955, sai kowace ikilisiya ta tashi da kamannin ƙasar da aka haife ta. Shi ya sa har gobe idan mutum ya ce maka shi ɗan NKST ne, cocin Tibi, ba sai ka tambayi yarensa ba, idan ya ce ɗarikarsa EYN ce ko COCIN ko LCCN za ka iya cankar jiharsa, sau da yawa ma har ƙaramar hukumarsa.

A cikin kowace ɗarika kuma akwai wani layin. Ƙabilar da aka fara kafa tasha a garinta ita ta riga shiga aji, ita ta fara samun malamai da fastoci da ma'aikatan asibiti. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ƙauyukan da bishara ta isa gare su bayan shekara talatin ko arba'in sun tarar an riga an zauna a kan kujeru, kuma waɗanda suka zauna ɗin su suka kawo musu bisharar da ƙafa, suka koya musu karatu. Ta yaya za ka ce wa wanda ya yi maka baftisma ya matsa ka zauna? Sai a yi shiru shekara da shekaru, har jikoki su taso da digiri a hannu su fara tambaya. Idan ba a amsa ba, bango ya tsage. Haka ta faru a ƙasar Takum a 1973, lokacin da mafi yawan Kuteb suka fice daga ikilisiyar da suke tare da Jukunawa da sauran maƙwabta suka kafa tasu. Koyarwarsu ɗaya, littafin waƙoƙinsu ɗaya, abin da ya raba su yana can wani wuri dabam.

Akwai wani abin mamaki game da harshen da nake rubutu da shi. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, Hausa ta zama igiyar da ta ɗaure tsintsiyar nan. Da ita Berom da Tangale da Bajju da Margi suke sujada tare, da ita zumuntar mata take waƙa daga Jos har Mubi. Amma Bahaushe Kirista, wanda harshen uwarsa ne ake wa'azi da shi, sau da yawa shi ne baƙo a cikin taron. A garinsu ana yi masa kallon wanda ya bar gida, a coci kuma wani ya tambaye shi, "Kai asalinka wane yare ne?" kamar ba zai yiwu ya zama Bahaushe ba. Alhali akwai gidajen Kirista a Wusasa tun zamanin Likita Mila, Baturen mishan ɗin Zariya, akwai ikilisiyoyi birjik a karkarar Kano da Katsina da Zariya. Ba banza ba Hausawa da Fulani da Barebari masu bi suka ga sai sun kafa Tarayyar Masihiyawa kafin a ji muryarsu. Lokacin da Paparoma ya yanki sabuwar diyosis, wato yankin da bishop yake shugabanta, ta Katsina daga ta Sakkwato a 2023, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop ɗinta na farko, murnar da aka yi ta nuna tsawon jiran da aka sha.

Mu da muke ƙorafi a kan juna, an taɓa yi mana irin wannan gaba ɗayanmu. An keɓe Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864, baƙar fata na farko a cocin Angilika, ya yi aiki a bakin Kwara daga Onica har Lakwaja. A 1890 wasu samarin Turawan mishan suka taso masa, suka dakatar da ma'aikatansa 'yan Afirka a gaban idonsa, ciki har da ɗan cikinsa. Ya rasu a ƙarshen 1891, aka maye gurbinsa da Bature. Hujjar da aka kafa a lokacin ita ce ba su isa ba tukuna, ba su da tsarki yadda ya kamata, ba a amince musu da kuɗi ba. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin tantance 'yan takara a coci ya san waɗannan kalmomi ba su mutu ba, bakin da ke faɗarsu ne ya sauya.

To me Littafi ya ce? Ayar da kowa ya haddace ita ce ta Galatiyawa 3:28, cewa a cikin Almasihu babu Bayahude babu Baheleni. Ana son ta domin tana da daɗin karantawa kuma ba ta tambayar kowa lissafi. Wurin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Ayyukan Manzanni sura 6, domin a nan ne maganar ta sauko daga sama ta shiga rumbu.

Ikilisiyar Urushalima tana ƙaruwa, ana raba abinci kowace rana ga matan da mazansu suka mutu. Sai Yahudawa masu jin Helenanci, wato waɗanda suka tashi a ƙasashen waje suka dawo, suka fara gunaguni a kan 'yan gida masu jin Ibrananci, cewa ana tsallake nasu gwaurayen wurin rabo. A lura, dukansu Yahudawa ne, dukansu masu bi ne, sun ga Fentikos, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki, da idonsu ko sun ji labarinsa da ɗumi-ɗuminsa. Bambancin harshe ne da inda aka yanke wa mutum cibiya. Kuma ba a rubuta cewa wani ya zauna ya ƙulla mugunta ba. Mai rabo ya san gidan gwauruwar unguwarsu, ya san sunan 'ya'yanta, waccan kuwa ko gaisuwarta ba ya ji sosai. Haka ake mance mutum ba tare da an ƙi shi ba.

Abin da manzanni suka yi shi ne abin dubawa. Ba su ce masu gunaguni suna raba kan ikilisiya ba. Ba su sa a yi azumin kwana uku a kan ruhun tsegumi ba. Sun tara jama'a duka, suka ce a zaɓo mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu aikin. Ga waɗanda aka zaɓa: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas, da Nikolas mutumin Antakiya. Sunayen nan bakwai duka na Helenanci ne. Suna kaɗai ba ya tabbatar da asalin mutum, domin a cikin manzanni sha biyun ma akwai Filibus da Andarawas, amma masana da yawa sun fahimci cewa daga ɓangaren masu kuka aka ɗebo su, kuma Nikolas an faɗa ƙarara cewa ba haifaffen Bayahude ba ne, shiga addinin ya yi. Wato masu rinjaye sun ɗauki makullin rumbu sun miƙa wa waɗanda suka ce an cuce su. Gwaurayen Ibraniyawa ma daga ranar a hannun waɗannan baƙin za su karɓi abincinsu.

Ka kwatanta da yadda muke yi. Idan ƙananan ƙabilu suka yi ƙorafi, sai a ƙirƙiro musu kujerar mataimakin magatakarda na biyu, ko a ba su shugaban masu tsaron ƙofa, ko a sa yarensu cikin jerin waƙoƙin ranar Kirsimeti. Ma'aji, magatakarda, shugaban kwamitin gini, da masu zaɓen wanda za a tura makarantar tauhidi da kuɗin ikilisiya, waɗannan ba a taɓa su. Hoton kalanda yana fitowa da kaya kala-kala, amma masu sa hannu a takardar banki 'yan gari ɗaya ne. Ni a wurina ma'aunin ke nan. Kada ka ƙirga mini yaruka nawa ne a ƙungiyar mawaƙa, faɗa mini wa ke riƙe da makulli, wa ke rubuta sunayen fastocin da za a yi wa canjin wurin aiki, wa ake turawa cocin cikin gari mai gidan fasto da mota, wa kuma ake jefawa ƙauyen da baikon wata bai sayi buhun masara ba.

Kuma bakwai ɗin nan ba su tsaya a rabon tuwo ba. Istifanas ne ya fara ba da ransa saboda shaida, Filibus ne ya kai bishara Samariya, shi ya yi wa wani Bahabashe baftisma a hanyar Gaza. Da aka isa sura 13, shugabannin ikilisiyar Antakiya sun haɗa da Barnaba mutumin Kubrus, Saminu da ake kira Baƙi, Lukiyas daga Kurane a arewacin Afirka, Manayan da ya tashi tare da sarki Hirudus, da Shawulu na Tarsus. Daga wannan tebur ne aka aiki 'yan mishan na farko. Duk da haka a Antakiyar nan ce Bitrus, da wasu baƙi suka zo daga Urushalima, ya janye kwanonsa ya daina ci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, har Barnaba ya bi sahunsa, sai da Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Idan Bitrus ya ji kunyar 'yan garinsu ya sauya wurin zama, ni wane ne da takardata a aljihu?

Maganin da muka fi runguma a Najeriya shi ne karɓa-karɓa. Mun aro shi daga siyasa, inda sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce a raba muƙamai yadda kowane yanki zai ga nasa. CAN, Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, da aka kafa a 1976, rukuni biyar aka gina ta a kai, kuma ko a nan, daga shugabanta na farko Dominic Ekandem har zuwa Daniel Okoh da aka zaɓa a 2022, rukunin TEKAN da ECWA bai samar da shugaban ƙungiyar na ƙasa ba. A matakin gunduma kuwa abin ya zama al'ada: idan shugaba ya fito daga wannan yanki, magatakarda ya fito daga wancan. Ba zan raina wannan dabara ba, ta kashe wuta da yawa, kuma ga wanda ba shi da yawan ƙuri'a ita ce kaɗai ƙofar da aka bar masa. Sai dai sanda ce ta mai karaya, an yi ta ne don a dogara kafin ƙashi ya haɗe. Idan aka daɗe da ita, sai mutum ya hau kujera a matsayin wakilin yarensu, yana jin bashin waɗanda suka tura shi, yana sauri ya gina musu abin da zai gina kafin lokacinsu ya ƙare. Ƙungiyar yare ta zama ita ke tantance dattijon ikilisiya a daren Asabar, sharuɗɗan zama shugaban ikilisiya da Bulus ya rubuta wa Timoti kuwa a karanta su da safe don cika ƙa'ida. Ƙabilun da ba su kai a ba su "yanki" ba, da 'ya'yan auren gauraye, da wanda ya tuba daga wani addini ba shi da dangi a coci, su ba su cikin lissafin ko kaɗan. Wani lokaci ma maganin yakan zama a tsaga gunduma biyu don kowa ya samu tasa, a kira shi bunƙasa.

Wanda yake zaton cocin da ake naɗa shugabanni daga sama ya tsira, ya tuna da Ahiara a jihar Imo. A ƙarshen 2012 Paparoma Benedict ya naɗa Peter Okpaleke bishop na wannan diyosis. Limamai da jama'ar Mbaise suka ce ba su yarda ba. Shi Ibo ne, su ma Ibo ne, amma shi daga Anambra ya fito. An keɓe shi a 2013 a wajen diyosis ɗin, bai samu shiga ya zauna a kujerarsa ba. A 2017 Paparoma Francis ya ba limaman kwana 30 kowa ya rubuto wasiƙar biyayya ko a dakatar da shi. An rubuta wasiƙu, amma ƙofa ba ta buɗe ba, har ya ajiye muƙamin a Fabrairun 2018. Daga baya aka ba shi sabuwar diyosis ta Ekwulobia a 2020, aka yi masa kadinal a 2022.

Yana da sauƙi a ce mutanen Mbaise sun yi taurin kai, kuma hana bawan Allah shiga coci saboda garinsu abin kunya ne ko ta ina aka duba. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kukansu shi ne ƙasarsu tana cikin wuraren da suka fi ko'ina yaye limamai, duk da haka in an tashi naɗa bishop ba a ganin nasu, a gida ko a waje. Wannan kukan gwaurayen Helenawa ne da wata riga. Inda suka kauce shi ne maganin da suka nema: namu a gidanmu. Da a ce ana ɗaukar ɗan Mbaise a kai shi wata ƙasa ya yi kiwon tumakin da ba yarensa ba, da kawo musu baƙo bai zama zagi ba. Baƙunta tana daɗi ne idan kowa yana yin ta.

Arewa ta ga irin wannan, kuma ta karɓa. Ignatius Kaigama, ɗan Kona a Taraba, ya riƙe Jos a matsayin babban bishop na Katolika daga 2000 zuwa 2019, cikin shekarun da garin ya fi shan wuta, kafin a mai da shi Abuja. Matthew Kukah daga ƙasar Ikulu a kudancin Kaduna ya zama bishop na Sakkwato a 2011. Oliver Doeme ɗan Filato ya karɓi Maiduguri a 2009, shekarar da rikicin Boko Haram ya ɓarke, bai gudu ba. A Angilika, Henry Ndukuba ɗan Imo ya yi shekara ashirin yana bishop a Gombe kafin ya zama shugaban cocin na ƙasa baki ɗaya a 2020. Hausawa sun ce naka sai naka, daɗin zama sai bare, kuma rabin karin maganar na biyu yana da gaskiyarsa a nan: baƙo ba shi da gonar gado a garin, ba shi da kawun da ke neman sarauta, idan gida biyu suka kawo ƙara yana iya sauraro da kunne biyu. Sharaɗin dai shi ne ya koyi gaisuwar mutane, ya ci abincinsu, ya je makokinsu, ya kuma yaye 'ya'yansu su gaje shi. Baƙon da ya zo da nasa magatakarda da nasa direba da nasa mai dafa abinci daga garinsu, wannan ƙungiyar yare ce ta yi ƙaura.

Ban ce a rushe ƙungiyoyin yare ba, kuma ba zan fita daga tamu ba. Su ke biyan kuɗin asibiti, su ke ɗaukar gawa, su suka riƙe mutane lokacin da aka ƙona musu gidaje gwamnati ba ta leƙo ba. Wanda aka kora daga ƙauyensa da dare, aka kuma ce masa baƙo ne a garin da ya gudo, ba abin mamaki ba ne ya ƙanƙame kujerar coci, ita kaɗai ta rage masa da zai ce tasa ce. Wahayin Yahaya ma da ya ga taron ƙarshe bai ga an narkar da mutane sun zama abu ɗaya ba, ya ga kowace kabila da kowane harshe a tsaye. Matsalar tana farawa ne daga sa'ar da harshe ya koma shingen bincike. A Littafin Mahukunta sura 12, mutanen Gileyad sun tare mashigin Urdun, duk wanda ya zo sai su ce ya faɗi "Shibolet", in harshensa ya karkata ya ce "Sibolet" sun gane ɗan Ifraimu ne, su kashe shi. Mutum 42,000 aka rubuta, kuma dukansu jikokin Yakubu ne. Mu da muka san abin da ake tambayar matafiyi a kan hanya ranar da gari ya rikice, bai kamata a ce muna da irin wannan tambaya a ƙofar ɗakin taron dattawa ba, ko da cikin murmushi ake yin ta.

Da wa'adin dattawan nan ya cika, wani matashi ya miƙe a taron ikilisiya ya kawo shawara cewa a wannan karon a ba ɗaya daga cikin ƙananan yaruka ma'aji. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, kuɗin Allah ba abin gwaji ba ne." Aka yi dariya, aka wuce zuwa batun fentin katanga. Dattijuwar nan tana zaune a layin mata, tana ninke takardar sanarwa tana warwarewa.

Daren Asabar ɗan garinmu ya sake zuwa da 'yar takardarsa. Wannan karon na ce ya shigo ya zauna, na kawo masa ruwa. Na bi sunayen da yatsa, na tsaya a kan na uku, na ce, "Yaya, wannan wane ne?" Ya haska da fitilar wayarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Gaskiya ni ma ban san shi ba. Amma namu ne."